Shekarar da Muka Ba da Gero Muka Karɓo Ƙarfe

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin nan kuna dariya, wai kakansu ya taɓa kwashe hatsin gida ana tsakiyar yunwa, ya je birni ya musanyo shi da tsohon ƙarfe. Ba na jin haushi, domin ni ma in na tuna dariyar nake yi. Sai dai labarin ya bi ta bakuna da yawa kafin ya iso gare ku, kowa ya yanke inda bai yi masa ba, ya ƙara inda ya ga dama. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da mahaifiyarku Rabi, ita kuwa kun san halinta, da an tayar da zancen sai ta ce ta manta. To ni ban manta ba. Bari in rubuta muku shi yadda ya faru, tun idona yana iya bin layin takarda.

Na yi shekaru ina tuƙa wa wani attajirin gyaɗa mota, ina bin ƙauyuka da ma'auni da buhuna. Da gyaɗa ta mutu a ƙasarmu cinikin ya bi ta, sai ya kira ni ya miƙo mini makullin tsohuwar jif ɗin da nake tuƙawa, ya ce wannan ce sallamata, in je in nemi abincin iyalina da ita. Koriya ce a da, amma rana ta cinye fentin har ta koma kalar toka. Ƙofar direba da igiya nake ɗaure ta. Injinta kuwa lafiyayye ne, bugu ɗaya yake tashi, kuma tana da fowil, wato ƙaramar giyar nan da in ka saka ta inji yake raba ƙarfinsa tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ranar da na shigo da ita ƙauyenmu, Kanyar Maje, ban bar kowa ya huta ba. Duk wanda ya tsaya kallo sai na gaya masa cewa sauran motoci da ƙafa biyu suke ja, tawa da huɗu.

A lokacin damina biyu ke nan a jere gero yana bushewa kafin ya fitar da kai. Rijiyoyi sun ja baya, jakai an sayar da mafi yawansu, waɗanda suka rage kuwa da ƙyar suke ɗaukar kansu. A birni ana layin sabulu da madara. Hatsi yana zuwa daga kudu a manyan motoci, amma iyakarsu kasuwar Ɗanbatta, domin tsakaninmu da titi akwai kwarin nan da kuka sani, wanda yanzu aka yi wa gada. A wancan zamani busasshen rafi ne mai faɗi, yashinsa da laushi kamar gari, ga kuma hawa a gefenmu wanda ruwa ya zaizaye ya bar shi tudu da rami. Ƙauyuka biyar ne a bayan kwarin. Duk ƙwayar da za ta shiga tukunyarsu sai an ɗauko ta a ka, tafiyar rabin yini, da cikin da bai ƙoshi ba. Gidanmu kuwa babba ne. Akwai kakarku Inna Delu, akwai wana, Baffanku Sale, da iyalinsa, sai ni da Rabi da ku biyun farko, kai Lawan kana rarrafe, ke kuma Hadiza kina ciki. Abin da ya tsaya tsakaninmu da barin gari shi ne rumbun tsimin da mahaifinmu ya rasu ya bari, cike da tsohon gero, kuma ba mai taɓa shi sai da izinin Inna.

Da na fara aiki, in jif ba kaya nakan taho da gudu in keta kwarin in haye. Ranar wata kasuwa mutanenmu suka haɗa buhunan dawa shida suka ɗora mini, suka riga ni gaba suna ba da labari cewa yau hatsi a mota zai shigo gari. Na saka fowil, na faɗa yashi, na ci rabinsa lafiya. Ina fara hawan nan sai jif ta karkace, ta yi gurnani, ta kafe. Na taka totur, yashi ya tashi sama kamar ana sheƙa. Na sauko na bar ta a giya tana juyi, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna wulwulawa a banza suna haƙa wa kansu rami, sauran biyun kuwa, waɗanda suka taka ƙasa mai ƙarfi, ko motsi. Kafin wani lokaci rabin gari ya taru a bakin kwari. Masu buhuna suka sauke kayansu suka ɗauka a ka, abin da dai suka gudu shi suka yi. Ana cikin haka sai ga Inna da sandarta. Ta zaga motar a hankali, ta sunkuya ta leƙa, sannan ta ɗago.

"Haruna, ba kai ka ce mini motar nan da ƙafa huɗu take ja ba?"

"Haka ne, Inna."

"To ni biyu na gani suna rawa, biyu suna barci. Ko idona ne?"

Wurin ya kece da dariya, har waɗanda ke ɗauke da buhu sai da suka dire. Mutanen da suka yi watanni ba a ga haƙoransu ba, ranar na gani. Sai da maza goma sha suka tura kafin ta fita. Daga ranar sunan jif ya koma Biyu-na-barci, kuma ko bayan ta daina barcin sunan bai sake ta ba.

Washegari na kai ta wurin Nomau. Makanike ne a Ɗanbatta, mutumin wajen Shanono, Kirista ne, iyayensa manoma ne irin na da can. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son a yi masa magana yana sauraron inji. Tun ina yawon gyaɗa shi yake duba mini mota, har muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na ba shi labarin tambayar Inna, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsohuwar ta fi direbobi da yawa ido. Ya sa jak ya ɗaga bayan motar, ya ce in juya taya ɗaya da hannu. Na juya ta gaba, sai na ga ɗaya tana juyawa baya. Ya sa sifana ya ƙwanƙwasa kumburin nan mai kama da tukunya da ke tsakiyar aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu.

"Malam Haruna, a cikin tukunyar nan akwai abin da ake kira difaranshal. A kan kwalta abokinka ne. In za ka sha kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, shi ne yake barin kowace ta yi gudun da ya dace da ita. Amma a yashi ba ya da wayo. Duk tayar da ya ji ta fi sauƙin juyawa, ita yake tura wa juyin gaba ɗaya. Kana da irinsa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Shi ya sa biyu suke rawa."

Na tambaye shi magani, ya ce hanya uku ce. Ta farko, ya buɗe tukunyar baya ya yi wa ƙananan haƙoran ciki walda su zama dunƙule ɗaya, tayoyin baya su riƙa juyawa tare har abada. Wannan kafin la'asar ya gama. Sai dai ya nuna mini wani guntun shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, a jikin bango, karyayye, bakinsa a murɗe kamar rake. Ya ce na wani direba ne da ya matsa masa sai an yi waldar, wata biyu ya yi yana cin taya, ranar da ya sha kwana a kan kwalta da lodi shaf ya tsinke, kuma ga mota can a ajiye domin babu irinsa a kasuwa. Ta biyu, akwai wani irin difaranshal mai faranti a ciki, wanda in taya ɗaya ta fara zamewa yake riƙe ta da kansa ya ba ɗayar wani abu. Ba ruwan direba da shi. Ta uku kuwa mai makulli ne, da liba a kusa da kujerar direba: ka zo bakin yashi ka ja, tayoyin baya su haɗe, ka hau ƙasa mai ƙarfi ka saki, su koma yadda suke. Ya ce shi kansa sau biyu kawai ya taɓa ganin irinsa, a jikin motocin masu haƙa rijiyar burtsatse.

Muka shiga Kano ni da shi, muka yi yini biyu muna yawo a wuraren masu gwangwan, wato 'yan tsohon ƙarfe, cikin matattun motoci. Mai faranti muka fara samu, raina ya kwanta da shi domin ba shi da nauyi kuma mai shi bai tsaurara ba. Nomau ya ce sai an buɗe. Da aka buɗe ya zaro farantan ya ɗaga su a rana, sun siɗe kamar tsohon marfin tukunya. Mai kayan kuma, Allah Ya saka masa, ya gaya mana gaskiya cewa abin yana da nasa man na daban, shi kuwa rabonsa da ganin man tun kafin kaya su ɓace a kantuna. Nomau ya ƙara da cewa ko sabo ne, a irin hawanmu da taya take rataya a iska, riƙonsa ba zai isa ba. Muka bar shi. Ana kiran azahar a rana ta biyu wani ya kwatanta mana rumfar wani dattijo, Malam Tanimu. A can ƙuryar rumfar, a ƙarƙashin tsofaffin tayoyi, ga aksil ɗin baya sukutum, da libarsa da wayarsa a naɗe a jiki. Nomau ya durƙusa a gabansa kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓata. Ya ja libar, muka ji ƙaras, ya ce in juya gefe ɗaya, ɗayan ya bi shi gaba tare. Sannan ya buɗe ya ƙirga haƙoran babban faifan giyar da na ƙaramin, sau biyu, ya sa ni ma na ƙirga, domin in ba su zo daidai da na aksil ɗinmu na gaba ba, gaba da baya za su riƙa faɗa da juna har giya ta fashe. Suka zo daidai. Na juya wurin dattijon na ce ya yi mana suna.

"Kuɗi dai ba na so," in ji Malam Tanimu. "Jiya da su na fita a aljihu, na zaga kasuwa, na dawo da su ban samo abin da jikokina za su ci ba. Ku mutanen ƙauye ne. Ku kawo mini gero buhu huɗu, ku ɗauki abinku."

A mota muna dawowa na yi ta lissafi. Na san abin da ke cikin rumbun tsimi, na san buhu huɗu rabinsa ne.

Da safe bayan an sha kunu na roƙi Inna ta tara mu a gindin darbejiyar tsakar gida. Na faɗi duk abin da na gani, ban rage ba. Yaya Sale ya saurara har na gama, sannan ya yi magana, kuma ina so ku sani cewa duk abin da ya faɗa ranar gaskiya ne. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma nauyin gidan a wuyansa yake.

"Haruna, ƙirga bakunan da ke gidan nan. Sai yaushe ruwa zai sauka, kai ka sani? In ƙarfen nan ya ƙi, shi za mu dafa wa yara? Ka je a yi maka waldar, tunda ita ba ta cin gero."

"Yaya, in shaf ya karye motar ta mutu ke nan, babu irinsa."

"Gara mota ta mutu."

Sai muka ji muryar mahaifiyarku daga bakin ƙofar ɗaki, ita da ba ta taɓa sa baki in maza suna magana. Inna take yi wa magana, ba mu ba.

"Inna, ni dai zan iya cin abinci sau ɗaya a rana. Abin da ba zan iya ba shi ne a ɗauke ni a kan ƙyaure a ƙetare kwarin nan da ni, in haihuwar nan ta zo da gardama. Na ga yadda aka yi da matar liman."

Inna ta daɗe tana zane a ƙasa da sandarta. Ba ta kiran sunan Yaya, kasancewarsa ɗan fari, Babba take ce masa. Ta ce Babba ya yi gaskiya, yarinyar nan ma ta yi gaskiya. Sannan ta dube ni.

"In an sa ƙarfen nan, ƙafa nawa za su farka?"

"Uku, Inna. Biyun baya tabbas, da ɗaya a gaba."

"Ba huɗu ba?"

"Uku ne."

"To. Da ka sake ce mini huɗu, da na tashi na ba ka wuri."

Ta ce geron da ke rumbu, ko an bar shi ko an raba, ba zai kai mu kaka ba, abin da zai kai mu shi ne hanyar da wani geron zai shigo. Ta yanke cewa a ba da rabin. Rabin da ya rage ya koma hannun Babba, shi zai riƙa aunawa, irin shuka kuwa ko ƙwaya ba za a taɓa ba. To kun ji. Ni na kawo maganar, mahaifiyarku ta tura ta, kakarku ta yanke. Yaya da kansa ya hau rumbun ya riƙa miƙo dammunan, ɗaya bayan ɗaya, bai dubi fuskata ba. Mata suka yi kwana biyu suna sussuka. Da aka ɗinke buhunan, a ka muka ƙetarar da su kwari, kuma Yaya ya ɗauki ɗaya. Bayan mako guda ya miƙa wa matarsa kwanon awo, ya rataya jaka ya tafi ci-rani kudu. Ya ce wa Inna zai rage wa gidan baki ɗaya. Kowa ya yi wa sallama ban da ni. Wannan ne abin da ƙarfen ya ci mini wanda ya fi geron ciwo.

Da muka kai wa Malam Tanimu geronsa muka ɗauko aksil, kwana biyar muka yi a rumfar Nomau. Aksil ɗin ba na irin motata ba ne, sai da ya yanke mazaunin sifirin ya matsar da shi ya sake walda, ya rage tsawon furofela, wato bututun da ke kai juyin giya zuwa aksil, ya huda ƙasan motar ya fito da libar a gefen kujerata, daidai inda hannuna na dama yake sauka. In na tafi masallaci yakan ajiye aikin da ke buƙatar mutum biyu ya jira ni. Ranar Lahadi kuwa ya wanke hannu ya tafi coci, ya bar ni ina gadin kusoshi, ya ce kada in kuskura in ɗaura ko ɗaya. Matarsa takan aiko da fate a kwano ɗaya mu ci tare, a shekarar da ba kowa ke kiran wani cin abinci ba. Da ya gama ya zaunar da ni kamar ɗan makaranta. Ya ce in tsaya cak kafin in ja libar, kada in jira sai na kafe. In rage wa tayoyi iska kafin yashi domin su baje. In na taka ƙasa mai ƙarfi in saki nan take. Ya sa na maimaita har sau uku.

Ranar kasuwa muka yi gwaji. Na ce a ɗora buhu shida irin na wancan karon, Nomau ya ce a sa takwas, shi ma ya haye gaba. Da muka iso bakin kwari na ga mutane a ɗaya gefen sun fi na ranar farko yawa. Wasu ma da gammo suka zo a hannu, sun shirya ɗaukar kayansu. Na tsaya, muka rage iska, na saka fowil, na yi bisimilla na ja libar. Na ji ƙaras ɗin nan a tafin hannuna. Muka shiga yashi a hankali, ba gudu. Da muka zo hawan, jif ta karkace daidai inda ta karkace a da, tayar baya ta hagu ta rataya. Sai na ji wani abu daga baya yana tura mu, a natse, kamar bijimin huɗa ya sa kafaɗa. Ba ta ko yi gurnani ba. Hancinta ya ɗaga sama, na daina ganin komai sai sararin sama, sannan ya sauko, sai ga ni a tsakiyar mutane. Mata suka ɗauki guɗa. Wani tsoho ya jefar da gammonsa sama. Nomau ya fito da rabin jikinsa ta taga yana dukan rufin motar kamar ganga, yana ihu, "Ta farka! Ta farka!" Ni kuwa na kwance igiyar ƙofa na sauko. Inna ta matso, ba ta ce mini sannu ba, ta ce a sauke buhunan a ɗora ta. Tunda aka haife ta ba ta taɓa shiga mota ba. Na sauka da ita kwarin na ƙetare na dawo, tana riƙe da sandarta a tsakanin gwiwoyi, bakinta yana motsi da salati. Da muka hayo ta ce a sake.

Kada ku ɗauka daga ranar wahala ta ƙare. Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani da na sani. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, sauran kuwa kunu ne tsararo da ganyen tafasa da zogale. Kai Lawan kukanka har yau yana kunnena. Amma hatsi ya fara shigowa. Duk buhun da na hayar, mai shi yakan ɗebo mini kwano, in kai wa matar Yaya ta zuba a ma'ajiya. Ranakun da ba kasuwa, durom-durom na ruwa nake ɗaukowa daga rijiyar da ba ta ƙafe ba. Na kai marasa lafiya asibiti ban san iyaka ba, matar liman ma da ta sake samun ciki ni na kai ta, a zaune a kujerar gaba. Ke kuwa Hadiza, da aka yi duk wannan domin tsoron zuwanki, da kika tashi ko ungozoma ba ki jira ba, ina wajen wanke mota aka zo aka yi mini albishir. Sau ɗaya na karya dokar Nomau. Hira ta ɗauke ni da wani fasinja na hau kwalta ban saki libar ba, ina shan kwanar kasuwa tayoyin baya suka ɗauki kuka, jif tana tsalle kamar akuya. Daga rumfarsa ya ji, ya fito a guje da sifana a hannu yana kiran sunana, ya bi ni har tasha yana faɗa a gaban jama'a. Ban sake ba.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da hantsi, mai ƙarfi, har kwari ya kawo. Bayan kwana biyu ina tashar Ɗanbatta ina ɗaure kaya, na ɗaga kai sai na ga Yaya Sale a tsaye da jakarsa da ƙullin buhu. Ya rame, ya yi baƙi, takalminsa ɗaya da waya aka ɗinke shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Na karɓi kayansa na buɗe masa gaba. Duk tafiyar nan tambaya ɗaya ya yi, ko Inna tana lafiya. Na ce lafiya lau, kuma an samu ƙaruwa, mace. Ya ce Allah Ya raya.

A bakin kwari na tsaya. Yashin ya koma laka, ruwa ja yana gudu a tsakiya, zai kai gwiwa. Yaya ya dubi ruwan, ya dubi hawan da ke can gefe yana sheƙi da santsi, ya fara naɗe ƙafar wandonsa zai sauka.

"Zauna, Yaya."

Ya dube ni, karo na farko tun ranar rumbu.

"Ina abin yake?"

Na nuna masa libar a tsakaninmu. Ya kai hannu ya shafa ta, kamar mai duba dabba a kasuwa.

"Ja ta, Yaya. Baya za ka ja, da ƙarfi."

Ya ja, ta yi ƙaras. Muka shiga ruwan, yana dukan ƙasan motar, laka tana tsotsar tayoyi. Yaya ya dafe gaban mota da hannu biyu. A hawan ta ɗan zame gefe, ta kama, ta ci gaba da hawa a hankali har muka fito kan tudu, inda gonakinmu suke kwance jiƙe, mutane sun bazu a ciki da sungumi. Na tsaya domin in saki libar, sai na ga hannunsa ya koma kanta. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza, na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce.

"Kai, Haruna," ya ce, yana goge ido da hannun riga. "Ashe geron Baba da ƙarfinsa."

Washegari tun da sassafe muka fita shuka, shi yana sara a gaba, ni ina bin sa da iri.